Kabarin da Ɗantani Ya Haƙa Ba Awo

Ruwan ya kai masa ƙauri, shi kuwa yana sunkuye yana kwarfewa da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki. Ya ɗebo, ya miƙe, ya watsa bayan tulin jar ƙasa, ya sake sunkuyawa. Haka Ɗantani ke yi kowace safiya a daminar nan. Da an idar da sallar asuba gari ya fara washewa, sai ya ɗauki ƙwaryarsa ya bi hanyar makabarta, ya janye zana da ƙayar da ya rufe ramin da su, ya sauka. Wanda ya hango shi daga hanyar fadama ba abin da zai gani sai farar hula tana nutsewa tana ɓullowa daga cikin ƙasa. Saboda hular nan matan da ke zuwa yankan ciyawa suka canza hanya.

Kabari ne, kuma babu kowa a cikinsa.

Garinmu, Sabuwar Marke, yana bisa tudu a ƙasar Bebeji. In ka tsaya a bayan masallaci za ka hango ruwan Tiga a shimfiɗe, kamar an sauko da sama an kwantar da ita a ƙasa. Tsohuwar Marke tana ƙarƙashinsa. Da aka tashe mu saboda gina dam, mun kwashe azara da ƙyamare, mun ɗora turame da duwatsun niƙa a kan jakai, har da masu tuge ɗan itacen lemo da ƙasarsa. Abin da bai ɗauku ba shi ne makabarta. Muka bar iyaye da kakanni a kwance, ruwa ya zo a hankali ya lulluɓe su. Har yau in tsohon garinmu zai yi wa mahaifinsa addu'a, sai ka ga ya juya wajen tafkin ba tare da ya sani ba.

A lokacin tashin nan Ɗantani saurayi ne dogo, marar yawan magana, ɗan manomi, an haife shi ranar Litinin. Bai gaji haƙar kabari ba, tudun ne ya ba shi ita. A can tsohon gari ƙasa laushi gare ta, mutum biyu da fartanya sun isa. Nan kuwa da ka wuce taki ɗaya sai marmara. Ranar da aka yi rasuwar farko a sabon gari, wata tsohuwa ce mai suna Kulsumu wadda aka ce kewar ɗakinta ce ta kashe ta, maza suka yi ta sara, fartanya tana tsalle tana ƙara kamar ana bugun ƙarfe. Ɗantani ne ya je maƙera ya aro dagi, ya durƙusa, ya yi ta ɓantarar dutsen har tafin hannunsa ya fashe. Tun daga ranar, in numfashi ya tsaya a wani gida, kafin kuka ya tsallaka katanga an riga an ce a kira Ɗantani.

Ba biyansa ake yi ba. Yana noma dawarsa da masara, yana da matarsa Asabe, 'ya'yansu sun watsu, wasu Kano, wasu Dangora. Abin da gari ke ba shi shi ne girma irin wanda ake ba mutumin da kowa ya san wata rana zai bi ta hannunsa.

Yana da ƙa'ida guda: ba ya sara ƙasa sai kara ya zo. Al'adarmu ce in mutum ya cika, ɗaya daga cikin dangi ya ɗauki karan dawa ya gwada shi daga tsakar ka zuwa diddige, ya karya, a aika wa mai haƙa. Ɗantani ba ya tambayar wane ne. Yakan riƙe karan ya dube shi, sau da yawa ya gane mai shi. In gajere ne ƙwarai, na yaro, sai ya soke shi a cikin riga ya bi bayan gari, don kada wata uwa ta gani. Bayan an rufe, ya ɗora karan a kan kabarin ya bar wa gara. Ya taɓa ce mini ƙasa ba ta son a buɗe mata baki ba a gaya mata girman abin da za a ba ta ba. Na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta jin nauyinsa, wato Dije mai soyayyen kifi, taubashiyarsa, 'yar kawunsa. In ya zo wucewa ta ƙofar gidanta sai ta ɗaga murya daga zaure.

“Ga mai kasuwar ranar kuka nan. Yau ma ba ciniki?”

“Ke nake jira, uwar gida. Amma ƙasa ta ce ba ta iya surutu ba.”

“Wuce, tsohon banza. Ni zan aiko da karanka, kuma sai na rage taki guda don ka kwanta a tanƙware.”

Sai ta cusa masa kifi a takarda ya tafi yana dariya. Dije ta haihu da yawa, Ɗantani ya soke mata gajerun karare a riga ba sau ɗaya ba. Wanda ya tsaya mata shi ne Mujitaba, masunci, magidanci mai fara'a. Tsayinsu ɗaya da Ɗantani. In suka haɗu a sahu, kafaɗa da kafaɗa, sai ka ce da igiya aka daidaita su. Mujitaba kan kawo masa tarwaɗa ya ce, Kawu ci ka yi ƙarfi, amma kada ƙarfin ya kawo ka gidanmu.

A farkon daminar nan, wata hantsi, iska ta taso a kan tafkin. Ukasha, wanda suke shiga kwalekwale ɗaya da Mujitaba, ya shigo gari jiƙe sharkaf ba hula. Ya ce igiyar ruwa ta kife su, shi ya kama gaɓa, Mujitaba kuwa raga ta naɗe masa ƙafa, ya ga hannunsa sau ɗaya bai ƙara gani ba. Masunta suka fita da jirage da ƙugiyoyi. Ba wanda ya yi shakkar za a samo shi kafin yamma, don Ukasha ya san wurin, kuma tafkin ya saba mayar da abin da ya ɗauka.

Mai unguwa Ado da kansa ya je gidan Ɗantani. Ya ce masa hadari na haɗuwa, marmara kuwa wuni take ci, kuma wanda ya sha ruwa ba a ajiye shi jiran haƙa, gara a fara. Ɗantani ya ce kara bai zo ba. Mai unguwa ya ce waye a garin nan bai san tsayin Mujitaba ba, a tausaya wa Dije kada ta zauna tana kallon ɗanta yana kumbura a tsakar gida. Wannan maganar ce ta karya shi. Da mai unguwa ya tafi, ya je jikin danga ya zaro kara, ya jingina da bango, ya tsayar da shi daga diddigensa, ya kai hannu tsakar kansa ya karya. Asabe tana bakin murhu tana kallo. Ta ajiye ludayin hannunta.

Ya haƙa uwar kabarin, ya shiga ciki ya fitar da 'yar, ya sassaƙe gefunanta sumul, ya tanadi itace da ƙasar kwaɓi. La'asar ta yi, magariba ta yi. Masunta suka dawo da kwalekwalen da guntun raga, babu Mujitaba.

Washegari suka koma, da jibi, da gata. Suka bi gaɓa har wajen ƙasar Tudun Wada suna tambayar masu su da makiyaya. Ruwa ya yi shiru. Aka yi zaman makoki ba gawa, mutane suna gaisuwa suna rasa inda za su ajiye idanunsu.

Da aka fid da rai, Ɗantani ya ɗauki shebur zai je ya mayar da ƙasa. A bakin makabarta, inda mata ke tsayawa ba sa wucewa, ya tarar da Dije a tsaye da mayafi har goshi. Rannan ba ta tsokane shi ba.

“Ina za ka da shebur, Ɗantani?”

Ya ce mata ta sani.

“Ubana yana cikin ruwan nan,” in ji ta. “Uwata ma. Da yayata Halima, da 'yar farina. Ban ce komai ba, aka ce mu hau tudu na hau. Mujitaba kaɗai na ce zan samu wurin da zan nuna in ce ga shi nan. In ka rufe ramin nan, ka bar wa ruwa shi ke nan. Ka bar masa ƙofa a buɗe. Zai zo.”

Ya ce mata ta san abin da mutane za su ce. Ta ce ta sani, shi ya sa ba mutane ta roƙa ba. Ya tsaya yana duban shebur ɗinsa, sannan ya ce to. Ya koma gida ya kawo zana da ƙayar magarya ya rufe bakin ramin.

Abin da mutane za su ce, tun a tsohon gari ake faɗarsa. Kabari ba ya kwana a buɗe, wanda ya kwana kuwa sai ya kira wani. Liman Malam Isma'il ya yi magana a kai bayan sallar Juma'a, ya ce babu wannan a addini, rami rami ne, ajali kuma a rubuce yake. Kowa ya gyaɗa kai. Aka fito daga masallaci, kowa ya bi hanyar da ba ta kallon makabarta.

Sai Sale mai faci ya faɗi da babur a hanyar Kano, aka kawo shi a rufe. Karansa ya zo. 'Yan'uwansa suka ce ga rami a shirye, a sa shi kawai, kowa ya huta. Ɗantani ya ce wancan yana da mai shi. Ya ɗauki dagi ya buɗe sabo a gefe, ruwa na dukan bayansa. Masu jana'iza suka tsaya da gawa a kafaɗa, idanunsu ba a kan sabon ramin suke ba, suna kan zanar da ke lotsawa a tsakiya. Ba a jima ba Hussaina matar tela ta tafi wurin haihuwa, ita da abin cikinta. Sannan zazzaɓi ya ɗauki wani yaro a unguwar maƙera.

Babu daminar da ba ta ɗaukar mutane a garinmu. Sauro na nan, hanya na nan, haihuwa na nan. Amma a da in an yi rasuwa sai a ce kwana ya ƙare. A bana sai a yi shiru, a dubi gabas, inda makabarta take. Na ji wata mata a bakin rijiya tana cewa bai ƙoshi ba, ba kuwa wanda ya tambaye ta wa take nufi.

Gari ya fara janye jiki daga Ɗantani a hankali, yadda ruwa ke janyewa daga gaɓa da rani. Mai shayi ya daina yi masa ba'a. A sahu sai a bar 'yar tazara a gefensa, daidai inda Mujitaba ke tsayawa, ba mai cike ta. Gidan da ke da majinyaci, in an hango shi tafe, sai a saki labulen zaure. Wani dattijo da suka yi kaciya tare ya ba shi hannu, na ga ya goge tafinsa a riga bayan ya wuce. Ɗantani ya gani shi ma.

Ga kuma ruwan. Duk yadda ya gyara zanar, in aka yi sama sai ya tarar da ramin ya tara. Daga baya ko ba a yi sama ba sai ya tarar da shi, yana tsattsafowa ta tsagar marmara, sanyi ƙalau, mai tsabta kamar na tulu. Masu noman rani sun ce ba abin mamaki ba ne, tafki ya cika, ƙasa ta sha. Ɗantani dai cewa ya yi ba zai bar Mujitaba ya fito daga wani ruwa ya shiga wani ba. Shi ne yake sauka kullum da ƙwarya.

Tari ya kama shi. Da farko ɗan kaɗan, irin na wanda ya shaƙi hayaƙi. Daga baya ya zama mai zurfi, ana jin sa daga bayan danga kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Asabe ta ɓoye ƙwaryar, ya ɗauki kwano. Ta mayar masa da ƙwaryar. Ta je wurin Dije, aka ce sun daɗe a ɗaki, suka fito kowace idonta ja, ba abin da ya canza. Dije tana aiko masa da romon kifi da citta kowace rana. Da yamma kuma sai ta je bayan masallaci ta tsaya tana kallon tafkin har a kira magariba.

Da samari suka fara cewa za su je da kansu su ture ƙasar, mai unguwa ya kira zama a zaurensa bayan la'asar. Ina cikin waɗanda suka zauna. Zauren ya cika da warin jiƙaƙƙiyar tabarma, hadari kuma ya yi baƙi ta gabas har sai da aka matso kusa da ƙofa don a ga juna. Dije ta tsaya a waje jikin bango, inda za ta ji ba a gan ta ba. Kowa ya san tana nan.

Mai unguwa ya fara da cewa laifin nasa ne, shi ya sa a haƙa, don haka shi ne yake roƙo a rufe. Liman ya maimaita cewa rami ba ya kiran kowa, amma ya ce zukatan mutane sun yi rauni, kuma kwantar da hankalin jama'a shi ma ibada ne. Tela, mijin Hussaina, bai ɗaga kai ba. Ya ce shi ba ya zargin kowa, yana da sauran 'ya'ya biyu ne kawai, kuma ba ya iya barci. Wani saurayi ya ce abin da ke tsorata mutane shi ne ramin ba shi da mai shi, yana nan baki buɗe, kowa gani yake da shi ake.

Duk wannan Ɗantani yana zaune a lungu, ƙwaryarsa a kife a gefe, wani dogon abu kwance a jikin bango bayansa. Da aka yi shiru ya yi tari, ya jira ya lafa, ya dafa bango ya miƙe. Ya ɗauko abin. Kara ne, ya bushe ya yi fari, karyayye a kai ɗaya.

“Ranka ya daɗe, ka tuna na ce maka kara bai zo ba.”

Mai unguwa ya ce ya tuna.

“To, ban haƙa da ka ba. Ban taɓa yi ba.”

Ya tsayar da karan a jikin diddigensa, ya miƙe sosai yadda ya daɗe bai miƙe ba. Bakin karan ya tsaya daidai tsakar hularsa. Ba wanda ya yi motsi. A waje iska ta ɗaga wani kwanon rufi ta sake shi.

“Kun ce ba shi da mai shi. Yana da shi. Da awona aka buɗe shi, ƙasa ta san girman abin da aka yi mata alkawari. Ba da tela take ba, ba da 'ya'yansa take ba. Ku je ku gaya wa matanku su bi hanyar fadama. In Mujitaba ya riga ni zuwa, na bar masa, sai ku wahala ku haƙa mini wani. In na riga shi, kun huta da marmara.”

Liman ya yi gyaran murya ya ce babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Ɗantani ya ce gaskiya ne, Allah gafarta malam, amma shi rabonsa da ya wuce kasuwar Bebeji har ya manta. Wani ya fara dariya, ya ji shi kaɗai ne, ya haɗiye. Liman ya ce mutum ya tanadi makwancinsa ba a hana ba, ko da yake ba a so. Mai unguwa ya dubi fuskoki. Abin da na gani a zauren nan ban so ganinsa ba: kafaɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kamar an sauke wa kowa kaya. Har tela ya ɗaga kai.

Sai muryar Dije ta shigo daga waje, ƙasa-ƙasa.

“Ɗantani. Ba haka na roƙe ka ba.”

“Haka ya samu, uwar gida.”

“Rufe shi. Na yafe. Ka ji? Na bar wa ruwa.”

“Kin makara. Dama ke kika ce za ki aiko da karana, ki rage taki guda. Na riga ki, kuma ban rage ko ɗan yatsa ba.”

Muka ji sautin mayafi yana goga bango, kamar ta zauna a ƙasa.

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon zauren, babba, sannan wani. Ɗantani ya saurara, kansa a karkace, yadda manomi ke sauraron sama. Ya miƙa wa mai unguwa karan ya ce a ajiye masa a inda gara ba za ta kai ba, kada ranar ta zo a tsaya nema. Mai unguwa ya karɓa da hannu biyu, ya rasa inda zai sa shi, ya bar shi kwance a cinyarsa.

Liman ya ce ya zauna ruwan ya wuce, gobe ma rana ce. Ɗantani ya ce in ya bari ya taru, gefen 'yar kabarin zai zube, shi kuwa ba ya son wuri a hargitse. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryarsa, tarin ya riƙe shi a sunkuye na ɗan lokaci, muna ji, ba wanda ya tashi. Da ya sake shi ya gyara hularsa, ya yi mana sallama. Waɗanda ke bakin ƙofa suka janye ƙafafunsu tun kafin ya iso. Ya sa takalmansa, ya duƙar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta, ya fita.